Ƙarfin Ruwan Famfo: Aikin Bawul A Gidajen Anka, Gummi Da Bukkuyum

A garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum, yammacin Jihar Zamfara, gidajen da ke da famfo galibinsu daga tankin rijiyar burtsatse suke shan ruwa, watau injin ya tura ruwa sama, sa'an nan ya gangaro da nauyin kansa. Saboda haka ƙarfin ruwa yana ga tsayin tanki: wanda aka ɗora a mita 10 ya ninka na mita 5 ƙarfi, kome faɗin cikinsu. Bawul ba ya ƙara ƙarfin nan ko kaɗan. Aikinsa ya tsare, ya rage, ko ya hana ruwa komawa baya.

Bawul mai kan zobe, wanda ake murɗawa sau da yawa, an yi shi ne don a buɗe duka ko a rufe duka. Masu barinsa rabi da niyyar tattalin ruwa suna cinye masa ciki ne kawai, ranar da bututu ya fashe sai ya ƙi rufuwa. Mai hannu guda kuwa da juyi ɗaya yake rufewa, amma in aka datse shi da gaggawa ruwan yakan bugi bututu har mahaɗa ta saki. Akwai kuma ƙwallon cikin tanki mai tsai da ruwa in ya cika. Lalacewarsa ce ke sa a ga tanki yana ambaliya dare farai, alhali unguwar da ke kan tudu ba ta samu ko ɗigo ba. Kan famfo mai ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa yakan zubar da wajen lita 30 a yini, fiye da jarkar ɗan garuwa, maganinsa kuwa 'yar roba ce.

Wanda aka fi mantawa shi ne bawul mai hana ruwa komawa baya. Idan aka ɗauke ruwa, bututun da ba kome a cikinsa yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi, ko ruwan baho in an bar tiyo a ciki, ko na kwata ta wurin da ya tsage. A gari irin Gummi, wanda ambaliya ta ci a watan Agusta na 2024, wannan ba ƙaramin hatsari ba ne.

Ƙarfen da aka ƙera bawul da shi ma abin dubawa ne, domin tagullar wasu kawunan famfo tana da dalma a ciki. Gubar dalmar da ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 daga duwatsun zinariya ta fito, ba daga famfo ba, amma jikin yaron da ya taɓa ɗaukarta ba ya bukatar ƙari. Ruwan da ya kwana cikin kan famfon tagulla gara a tare shi don wanki, na bayansa a ɗiba don sha.