Giram 10 na itace, kilo 15 na yashi: Gasar da ake koyon gini ta hanyar karyawa

A ranar gasa, ɗalibai biyu sukan shigo zaure riƙe da kwali cikin lallaɓawa, kamar waɗanda aka aika da ƙwai. Abin da ke cikin kwalin bai fi nauyin biro biyu ba. Siraran sandunan itace ne da aka manne da gam, suka ba da siffa mai kusurwa uku, tsawonta bai kai rabin mita ba. Alƙalai su ɗora shi a sikeli, su rubuta nauyinsa. Ɗaliban su sa tabaran kare ido, su maƙala shi a jikin wani allo da ke tsaye a matsayin bango, su rataya sarƙa da bokiti a bakin da ya miƙo waje. Daga nan sai a fara zuba yashi cikin bokitin sannu a hankali, zaure ya yi tsit. Ko dai ginin ya jure har nauyi ya kai kilo 15, ko kuma a ji ƙara guda, aikin makonni ya watse a ƙasa.

Wannan shi ne Boomilever, ɗaya daga cikin fannonin gasar Science Olympiad ta ƙasar Amurka, wadda aka kafa a 1984, aka yi zagayenta na ƙasa na farko a 1985 a Jami'ar Jihar Michigan. Makaranta takan fito da tawagar ɗalibai har 15, su fafata a fannoni 23, daga matakin yanki zuwa na jiha zuwa na ƙasa. Fannin gini da itace yana juyawa ne bayan 'yan shekaru: wani lokaci gada, wani lokaci hasumiya, wani lokaci kuma wannan gini mai kafa ɗaya a bango.

Lissafin da ke raba gardama

Injiniyoyi suna kiran irin wannan gini kantiliba, wato duk abin da aka kafe gefensa guda, ɗaya gefen kuma ya miƙa cikin sarari ba tare da ginshiƙi a ƙarƙashinsa ba. Barandar bene, rumfar da ke saman 'yan kallo a filin wasa, hannun injin ɗaga kaya a wurin gini, fiffiken jirgin sama, duk dangi ɗaya ne. Magina na ƙasar Hausa ma sun san shi tun da daɗewa. Bakan gizon da ke Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani a ƙarni na 19, an tayar da shi ne da azarar da ake jerawa daga jikin bango, kowane sahu yana ɗan zarce na ƙarƙashinsa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama.

Dokokin gasar ba su da yawa, amma suna da tsauri. Itace da gam kaɗai aka yarda da su. Kayan da za a rataya dole ya kasance kimanin santimita 40 zuwa 45 daga bango. An kuma taƙaita iya inda ginin zai taɓa bangon daga ƙasa, don kada ɗalibi ya tokare shi da doguwar sanda ya huta. Maki kuwa, tushensa lissafi ɗaya ne: a raba nauyin da ginin ya ɗauka da nauyin ginin kansa. Wanda ya yi gini mai giram 30 ya ɗauki kilo 15 cif, ya sami 500. Wanda nasa giram 10 ne ya ɗauki wannan nauyi, ya sami 1,500. Kai, ko da na giram 10 ya karye a kilo 12, ya ci 1,200, ya yi wa mai ƙaton ginin da bai ko girgiza ba fintinkau.

Saboda haka a wannan gasa, ginin da ya fito lafiya lau ba lallai ne ya zama abin alfahari ba. Sau da yawa alama ce ta an zuba itace fiye da buƙata. Abin da ake nema shi ne ginin da ya san iyakarsa, ya kai kaya inda aka ce, ba tare da ko giram ɗaya na banza a jikinsa ba.

Itacen da ya fi kwalaba sauƙi

Itacen da ɗaliban suka fi dogara da shi sunansa balsa. Bishiya ce ta dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma ƙasar Ekwado ce ta daɗe tana kan gaba wajen fitar da ita kasuwannin duniya. A wajen masana tsirrai, 'yar gida ɗaya ce da rimi da kuka da auduga da kuɓewa. Tana girma da sauri ƙwarai, ana iya sare ta cikin shekara shida zuwa goma, kuma idan ta bushe yawancin cikinta iska ne. Matsakaicin nauyinta kimanin kilo 160 ne a kowace mita mai faɗi da tsawo da zurfi ɗaya, alhali ruwa mai wannan yawa kilo 1,000 ne.

Kalmar balsa a harshen Sifaniyanci tana nufin kwale-kwalen gungume. Da gungumenta Thor Heyerdahl, ɗan ƙasar Norway, ya haɗa Kon-Tiki, wanda ya tashi daga Peru a 1947 ya yi kwana 101 a tekun Fasifik. A Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta yi jikin jirgin yaƙinta na Mosquito da balsa da aka matse tsakanin siraran alluna. A yau tana cikin fukafukan injinan samar da lantarki daga iska, kuma hauhawar buƙatarta a wajajen 2020 ta jawo sara ba bisa ƙa'ida ba a dajin Amazon na Ekwado.

Sai dai balsa ba ta da tabbas irin na ƙarfe. Sanduna biyu masu kauri ɗaya da tsawo ɗaya, daga shago ɗaya, ɗaya na iya ninka ɗaya nauyi. Don haka ɗalibin da ya ƙware ba ya yarda da ido. Yakan sayi sanduna da yawa, ya auna kowace a ƙaramin sikeli mai gane kashi ɗaya cikin ɗari na giram, ya rubuta nauyin a jikinta. Sannan ya tsayar da ita a kan sikelin, ya danna kanta da yatsa har ta fara lanƙwasa, ya rubuta lambar da sikelin ya nuna. Daga cikin tulin, 'yan kaɗan ne ke shiga gini. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ja a sama, matsi a ƙasa

Idan aka rataya kaya a bakin kantiliba, sandunan sama jan su ake yi, kamar igiyar guga. Na ƙasa kuwa matse su ake yi zuwa jikin bango. Ƙarfin da ke ratsa su ya zarce nauyin bokitin nesa. A ce kaya kilo 15 ne, nisansa daga bango santimita 45, tazarar da ke tsakanin maƙalin sama da matokarin ƙasa kuma santimita 15. Sandunan ƙasa za su sha matsi daidai da kilo 45, na sama kuma ja na kimanin kilo 47. Wato sandunan da ba su kai kaurin fensir ba suna riƙe da abin da ya kusa buhun siminti.

Kowane ɓangare da irin mutuwarsa. Sandar da ake ja ba kasafai take tsinkewa a tsakiya ba, tafi yawan suɓucewa daga inda aka manne ta, musamman a gindin da ya kama ƙugiyar bango. Shi ya sa da yawa sukan yi wannan ɓangare da wani itace mai ɗan tauri da ake kira baswud, su faɗaɗa fuskar da gam zai kama. Gam ɗin ma nauyi ne da shi, ɗigon da ya wuce kima maki yake ci.

Sandar da ake matsawa kuma ba murƙushewa take yi ba, kantarewa take yi gefe guda, sai ta karye farat ɗaya. Masanin lissafi Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar wannan tun 1744: idan aka rage tsawon sanda da rabi, nauyin da za ta jure kafin ta kantare zai ninka sau huɗu. Wannan ne dalilin ƙananan sandunan da ake gittawa tsakanin manyan biyu na ƙasa. Ba kaya suke ɗauka ba, doguwar sanda suke rarrabawa zuwa gajeru. Kowane gittawa ƙarin ƙarfi ne, kuma ƙarin nauyi ne. Gwanintar tana wajen sanin inda za a tsaya.

Akwai kuma abokan gaba na ɓoye. Karkacewar milimita ɗaya ko biyu takan sa gefe ɗaya ya ɗauki kaya fiye da ɗan'uwansa, ginin ya murɗe. Don haka ake zana siffar a takarda, a shimfiɗa a allo, a kafe sandunan kafin a sa gam. Balsa na shan danshin iska, ta ƙara nauyi, shi ya sa wasu ke ajiye gininsu a rufaffen akwati har zuwa lokacin awo. Ko lilon bokiti yayin zuba yashi na iya kawo ƙarshen zance.

Tawagar da ke son kaiwa nesa takan gina da yawa, ta karya da yawa. Ana ɗaukar bidiyon kowane gwaji da waya, a mayar da shi a hankali don ganin sandar da ta fara sallamawa, a tattara gutsattsarin, a rubuta a littafi. A gini na gaba abu ɗaya kawai ake sauyawa, don a san ko shi ne ya kawo bambanci.

Inda bokiti ya zama rayukan mutane

Abin da ke faruwa da sandar balsa cikin zaure ya taɓa faruwa da dubban tan na ƙarfe. A ranar 29 ga Agusta, 1907, gadar Quebec da ake ginawa a kan kogin St. Lawrence a Kanada ta rufta cikin 'yan daƙiƙoƙi, ma'aikata 75 suka rasu. Gadar kantiliba ce. An ƙara tsawon tsakiyarta zuwa mita 549 ba tare da an sake lissafin nauyinta yadda ya kamata ba. Kafin ranar, waɗanda ke wurin aiki sun ga manyan ƙarafan ƙasa, masu shan matsi, sun fara kantarewa, sun kuma kai rahoto. Babban injiniyan da ke da ta cewa, Theodore Cooper, yana can New York. Umarninsa na a daina ƙara wa gadar kaya bai tsayar da aiki a kan lokaci ba. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ɗora laifin a kan kuskuren tsari da raunin sa ido.

Najeriya ba baƙuwar irin wannan labari ba ce. Benen mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya ci rayuka fiye da 40. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya faɗa wa ɗalibai a Jos, mutum 22 suka rasu. Kowane hatsari da nasa musabbabin, amma tambayoyin da masu bincike ke yi bayan ƙura ta lafa su ne waɗanda ɗalibin Boomilever ke yi kafin ya taɓa gam: nawa aka ce zai ɗauka, wa ya auna kayan aikin, wa ya gwada, ina aka rubuta?

Wannan ne ya sa batun ya shafi ma'aikacin da fayil ɗin kwangila ke bi ta teburinsa, ko da bai taɓa riƙe reza da sandar itace ba. Ɗalibin da ya shekara yana wannan aiki ya koyi cewa almubazzaranci da kayan gini aibi ne, tauye su kuma ya fi muni, kuma awo ne kaɗai ke nuna iyakar da ke tsakanin biyun. Ya saba da faɗin sakamakon da bai yi masa daɗi ba, domin bokitin yashi ba ya karɓar uzuri.

Kayan da ake buƙata ba su fi ƙarfin makarantar gwamnati ba: allon katako, ƙugiya, sarƙa, bokiti, yashi da ƙaramin sikeli. Ƙungiyoyin JETS na matasan injiniyoyi da masu fasaha da masana kimiyya sun daɗe a makarantun sakandaren ƙasar nan, kuma gasa irin wannan za ta zauna daidai a cikinsu. Balsa ce kaɗai sai an shigo da ita, amma lissafin raba kaya da nauyin gini bai damu da sunan itace ba. Gwangwala da gora da karan dawa duk suna iya hawa sikeli, matuƙar kowa da abu ɗaya zai yi aiki. Yaran da ke ƙera motar kara a bakin zaure sun riga sun iya fiƙe bawo da soke shi a inda ya dace. Abin da ya rage musu shi ne malamin da zai ba su sikeli da littafi, ya ce su rataya bokiti, su zuba yashi har ta karye, sannan su rubuta dalili.