Na'urar da ke Gane Ƙaron Dakwara

Duk ɗan kasuwar ƙaro a Gashuwa ko Maigatari zai ce maka idonsa ya ishe shi: na dakwara shi ne lamba ɗaya, na dushe lamba biyu, na ciriri da danginsa lamba uku. Na yarda da shi, muddin ƙaron yana dunƙule. Amma da zarar an niƙa shi ya zama gari, wa zai rantse ba a yi algus ba? Kamfanonin lemo da alewa na Turai kuwa garin suke zubawa a kayansu, da lambar E414.

A nan na'urar NMR take shigowa. Ƙaro dai sarƙa ce ta sukari iri-iri: galaktos, arabinos, ramnos da wani mai tsami, gulukuronik. Ƙashin bayan kowanne kabon ne. A cikin ƙwayoyin kabon ɗari, kusan ɗaya tak ce ake kira kabon-13, kuma ita ce ke amsa kiran maganaɗisu. Sai a narka ƙaron a ruwa mai nauyi, a zuba a siririn bututun gilashi, a zura cikin ƙaton maganaɗisu, a aika masa igiyar rediyo. Kowace ƙwaya takan amsa da muryar da ta dace da maƙwabtanta, kwamfuta ta zana amsoshin tsini-tsini.

Kada jin cewa N ɗin NMR na nufin nukiliya ya tsorata ka. Ba a fasa ƙwayar zarra a nan. Saurare kawai ake yi, ƙaron ya fito lafiya lau.

Tsinin da ya fi burge ni yana wajen lamba 17 a ma'aunin, can gefe shi kaɗai. Na ramnos ne, kuma dakwara ta fi dushe yawansa nesa ba kusa ba. A 1991 Anderson da abokan aikinsa na Jami'ar Edinbara suka nuna cewa zanen kabon-13 yana tantance ƙaron dakwara ba tare da kokwanto ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu ke tsaga bishiya cikin hunturu, amma mai saye ke riƙe da shaidar ingancin kayanmu. Ya kamata ƙungiyoyin 'yan ƙaro su haɗa kai da jami'o'inmu, kowane kaya ya bar Kano da takardar gwajinsa.