Littattafan Lantarki: Araha Da Ka Iya Zama Asara Ga Masu Koyon Kwamfuta A Kwoi

KWOI, Jihar Kaduna — Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka bar kasuwa ta yanke darajar naira, farashin littattafan karatu ya yi tashin gwauron zabi. Mafi yawan takardar ɗab'i daga ƙasashen waje ake shigo da ita, domin masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku Iboku sun durƙushe tun cikin shekarun 1990.

A Kwoi, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba, wannan tsada ta zo daidai da annobar da ta afka wa gonakin citta a daminar 2023, wadda ta karya jarin iyaye da dama. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da mutum miliyan 3 sana'o'in fasahar zamani. Saboda haka ɗalibin da ke son koyon rubuta manhaja, a Kwoi ko a Kafanchan, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce littafin da ake karantawa a wayar hannu.

Sai dai arahar tana da nata tarko. A harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, tazarar da ake bari a farkon layi tana cikin umarnin da ake bai wa kwamfuta. Bisa al'ada gurbi 4 ake bari, kuma da shi na'ura ke gane layin da ke ƙarƙashin wani. Alal misali, a manhajar da ke tara kuɗin buhunan citta, idan tazarar ta ɓace gaba ɗaya manhajar ba za ta tashi ba. Idan kuwa layin tarawa kaɗai ya goce, za ta lissafa buhun ƙarshe ta bar sauran, ba tare da wani gargaɗi ba.

Tushen matsalar yana cikin juyar da littafin. Tsarin EPUB, wanda ya fito a 2007, an gina shi ne a kan ƙa'idojin shafukan intanet, inda ake haɗe gurabe masu yawa su zama ɗaya, a kuma sake jera layuka daidai da faɗin allo. Wannan ya dace da littafin labari, amma yana rusa darasin kwamfuta. Abin ya fi muni idan daga PDF aka juyo littafin, domin shi matsayin haruffa a kan shafi yake adanawa.

Maganin ba shi da tsada. Mawallafi zai killace kowane misali cikin alamar “pre”, wadda ke hana taɓa tazara, ya zaɓi haruffa masu faɗi ɗaya, ya gajarta layuka domin ƙaramin allo, sannan ya gwada littafin a kan waya mai araha kafin ya kai shi kasuwa. Ɗaukar hoton misalan, kamar yadda wasu ke yi, yana ƙara wa littafi nauyi, ya ci kuɗin data, ya kuma hana ɗalibi kwafar umarnin domin gwaji.

Irin wannan kulawa ake bukata wajen littattafan Hausa da na Hyam, harshen mutanen Jaba. Muddin ba a yi amfani da tsarin Unicode ba, haruffa masu ƙugiya kan ɓace, “ɓata” ta rikiɗe ta zama wata kalma, ko ta fito da akwati a madadin harafi.

Ta fuskar tattalin arziki, kuɗin tacewa sau ɗaya mawallafi ke biyan sa, alhali kuskure ɗaya na shiga wayar duk wanda ya sayi littafin. Ɗalibin da ba shi da malami a kusa, kansa zai zarga idan manhaja ta ƙi aiki, kuma yana iya barin karatun baki ɗaya.