Motar Tsere a Ƙasar Gobir: Wa Ke Yanke Mata Farashi?

Motar da aka ƙera don gudu, irin su Ford Mustang da Chevrolet Camaro da Dodge Challenger, ba ta da farashi guda a Nijeriya. Kuɗin da dillalin Legas zai kira daban, yadda za a taya ta a Abuja daban, in kuwa aka ce ga ta a Isa ko Sabon Birni, to lissafi ya sake. Samarin garin Turba na wannan yanki da ke neman kuɗi a Kudu suna ganin hotunan motocin nan a Facebook da Jiji, an rubuta miliyoyi a ƙasan hoton, sai su ɗauka darajarta ke nan. Wancan burin mai sayarwa ne kawai. Darajar mota ta hannu ita ce abin da mutum na gaba zai ƙirga ya ba ka ranar da ka matsu, kuma a gabashin Sakkwato samun wannan mutumin aiki ne.

Mu fara da inda motar ta fito. Shekara da shekaru, yawancin motocin da ake kira 'yan Kwatano suna sauka ne a tashar jiragen ruwa ta Kwatano da sunan za a kai su Nijar. A bi da su Parakou, a tsallaka gadar Malanville zuwa Gaya, a wuce Doso da Birnin Ƙonni ko a zarce Maraɗi, daga nan su sulalo Nijeriya ta Illela ko Jibiya ko ta hanyoyin daji da direbobin fito suka fi kowa sani. Mutumin Sabon Birni bai buƙatar a ba shi wannan labari, don Tsibiri da Maraɗi gidan dangi ne. Sai gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, ta rufe iyakokin ɗungurungum a Agustan 2019, ba a buɗe Illela ba sai Disambar 2020. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya zo ya toshe gadar Malanville. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya hau kan kuɗin mota ya zauna.

Amma babu wanda ya kai canjin kuɗi. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Sefa kuwa ɗaure take da yuro, 655.957 a kan kowane yuro ɗaya, saboda haka faɗuwar naira ta bi mai saye har Maraɗi. Nan aka ga abin mamaki: mutum ya hau mota shekara uku, ya sayar da ita fiye da yadda ya saya, ya riƙa cewa ya ci riba. Ya je ya nemi irinta da kuɗin da ke hannunsa, sai ya gane inda ribar ta tsaya. Duk wanda zai kimanta mota yau, ya manta da abin da mai ita ya biya a da. Ya tambayi nawa za a kashe a sauko da irinta a wannan makon, da sayenta da dakon jirgi da kuɗin kwastam, sannan ya fara ragewa.

Abu na farko da ake ragewa takardu ne. Mota biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, launi ɗaya, in ɗaya tana da cikakken duti ɗaya babu, kada a haɗa su a ciniki. Marar duti tana iya yin shekaru tana yawo tsakanin Isa da Shinkafi ba wanda ya tanka, ranar da ta doshi Kano ko Kaduna sai ta kwana a harabar kwastam. Ita kuwa motar tsere a can masu sayenta suke, don haka rashin takarda ya fi yi mata illa fiye da Golf ɗin haya da ba ta wuce kasuwannin ƙauye. Tun 2022 hukumar kwastam take kimanta haraji da lambar shasi, wadda ta sa rage shekarun mota a takarda ya yi wuya. Ana iya kai lambar takardar ofishin kwastam a tabbatar da ita kafin a biya ko sisi, kuma dillalin da ya nuna ɓacin rai don an ce za a yi haka ya riga ya ba da amsa.

Lambar shasin nan ta cancanci a tsaya a kanta. Tun 1981 take da haruffa da lambobi 17. Na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: J Japan, W Jamus, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. A motocin kasuwar Amurka, na goma shi ke nuna shekarar ƙira. A duba ta a gindin gilashin gaba, a duba a jikin ƙofar direba, a duba a takarda, su zo ɗaya. Daga nan a sa ta a intanet. Da yawa daga motocin tseren da ke shigowa ƙasar nan daga gwanjon Copart ko IAA suke, inda kamfanonin inshora ke zubar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye, kamar bayan guguwar Harvey a Texas a 2017 da Ian a Florida a 2022. Sau da yawa hotunan ranar gwanjo suna nan. Mai saye zai ga motar da ke walƙiya a gabansa lokacin da gabanta yake a murƙushe, kafin masu bugun bodi da fenti su yi aikinsu. Haɗari ba ya hana saye, in dai kuɗin ya faɗi daidai da shi. Wadda ruwa ya ci ce ban ba kowa shawara a kanta ba, don wayoyinta za su riƙa ruɓewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga.

Gobirawa sun san ciniki irin wannan tun zamanin Alƙalawa, don mai sayen doki bai taɓa yarda da bakin mai shi ba, haƙora yake buɗewa ya ɗaga kofato. Haƙoran mota su ne sitiyari da feda da kujerar direba. In agogo ya nuna tafiya kaɗan amma fatar sitiyari ta goge, an mayar da agogon baya. A zo da bakanikenka, a tayar da inji da sanyin safiya kafin a ɗumama shi, a sa kwamfuta. A leƙa salansa a ga ko abin da kanikawa ke kira indomi yana nan, don ana yanke shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Sannan tayoyin baya. Motar tseren da ta zauna a hannun samarin Kano ko Abuja da wuya ba ta yi wasan mota a wajen biki ba, kuma juyin nan da ake yi ana tafi yana cin taya da giya da ƙafar baya. Dillali dai zai ce, “Alhaji, wannan ta wani dattijo ce, daga gida sai masallacin Juma'a. Mai kawai za ka zuba.” Ban taɓa jin dillalin da ya ce motar yaro ce ba.

Masanin tattalin arziki George Akerlof ya yi rubutu kan wannan a 1970, ya kuma samu kyautar Nobel a 2001. Bayaninsa shi ne, tunda mai sayarwa ya san aibin motarsa mai saye bai sani ba, mai saye zai taya kowace mota da ƙasa-ƙasa don kare kansa, masu motocin kirki su janye, kasuwa ta cika da tarkace. Malaman Malikiyya sun daɗe da tanadin magani: ɓoye aibi haramun ne, wanda ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayar da kaya, kuma an hana a sa wani ya riƙa ƙara tayi alhali ba saye zai yi ba. Sai dai hukunci yana buƙatar shaida. A rubuta yarjejeniya, a sa lambar shasi, a faɗi aibin da aka sani, a yanke la'adar dillali tun kafin a ce an sallama.

Duk wannan lissafi, mutumin Zariya ma zai yi shi. Abin da ya keɓanta da Turba shi ne inda motar za ta rayu. Tsakanin cikin Mustang da ƙasa bai kai taƙi guda ba, ga yashi, ga laka in Bunsuru ya kawo ruwa da damina. Injinta yana son mai mai kyau, alhali tun da aka cire tallafi a 29 ga Mayun 2023 kowace lita da zafi ake sayenta, kuma a ƙauyuka da dama man galan na 'yan bumburutu ne abin dogaro. In wani ƙarfe ya lalace, na Toyota da Golf ana samu a Sakkwato, nata kuwa sai an aika Ladipo a Legas ko a jira jirgi.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan nauyi. Rabin kuɗin motar tsere na kallo ne, ana sayenta don a juyo a dube ta. A hanyar Gundumi zuwa Isa, ko tsakanin Sabon Birni da Goronyo, babu mai son a juyo a dube shi. Mutanen yankin ba su manta fasinjojin da aka ƙona cikin mota a Disambar 2021 ba, ko Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, da aka tare a hanya a Yulin 2024, ya rasu a hannun 'yan bindiga a Agusta. Masu hali da dama sun koma shiga motar haya ko tsohuwar da ba ta jan ido. Wato abin da ɗan Abuja ke ƙara kuɗi dominsa, shi ne ɗan Isa zai rage kuɗi saboda shi.

Saboda haka in ɗan Turba ya dage sai ya saya, ya nemi farashin da aka sallama irinta guda uku ko huɗu a Kano da Kaduna da Abuja, daga bakin waɗanda suka biya. Ya cire kuɗin gyaran da bakanike ya lissafa, ya cire na tayoyi huɗu, ya cire na cika duti in da saura, ya cire na kai ta birni da la'adar ranar da zai sayar. Abin da ya rage shi ne tayinsa. Ya kuma fara neman garejin da zai ajiye ta a Sakkwato, don da wuya ta riƙa kwana a Turba.