Jini ko Tsoka: Gwajin Ƙwayoyin Gado a Sankarar Huhu

Tun daga shekarar 2004, lokacin da masu bincike a birnin Boston na Amurka suka gano cewa masu sankarar huhu da ke samun sauƙi da maganin gefitinib galibi suna ɗauke da sauyi a ƙwayar gadon da ake kira EGFR, likitoci suka daina yi wa masu wannan cuta kuɗin goro. Ƙwayar gado wani sashe ne na DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da umarnin aikin ƙwayoyin jiki, kuma idan umarnin ya gurɓace sai su yi ta hayayyafa har su zama ƙari. Sanin irin sauyin da ya auku shi ke nuna maganin da ya dace.

Hanyar da aka saba ita ce ciro ɗan tsokar ƙarin, ko dai da allurar da ake sokawa ta ƙirji, ko da siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta maƙogwaro. Aikin yana da haɗari, domin iska kan shiga kogon ƙirji ta danne huhun, sannan sau da yawa tsokar da aka samu ba ta isa a yi duk gwaje-gwajen da ake buƙata.

Gwajin jini ya dogara ne a kan ɓurɓushin DNA da ƙwayoyin ƙarin ke zubarwa cikin jini idan sun mutu, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da na farko irinsa a 2016. Ana iya maimaita shi ba tare da wahalar da majinyaci ba, abin da ke da amfani ƙwarai idan magani ya daina aiki, tunda kusan rabin waɗanda magungunan gefitinib ko erlotinib suka daina yi wa tasiri akan same su da sabon sauyi mai suna T790M, wanda maganin osimertinib ke iya tunkara.

Sai dai sakamakon gwajin ba nauyinsa ɗaya ba. Idan ya nuna sauyi irin na EGFR, likita na iya fara magani a kansa; idan kuwa bai nuna komai ba, wannan ba hujja ce ta rashin sauyin ba, domin ƙarin da bai girma ba, ko wanda ya yaɗu zuwa ƙwaƙwalwa kawai, ɓurɓushinsa a jini kaɗan ne, don haka dole a koma ga tsoka. Haka kuma madubin likita ne kaɗai, ta hanyar duba tsokar, ke tabbatar da cewa sankara ce da kuma nau'inta, abin da ke da muhimmanci a ƙasashe irin Najeriya da Nijar, inda tari mai jini da rama kan sa a fara zargin tarin fuka, a shafe watanni ana shan maganinsa kafin a gano ainihin cutar.