Shin Akwai Kitsen Dabba a Cikin Leda da Roba?

A watan Satumban 2016, Babban Bankin Ingila ya fito da sabuwar takardar fam biyar ta leda. Kafin shekarar ta ƙare, bankin ya amsa cewa akwai ɓurɓushin kitsen dabba a jikinta. Nan take mutane fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar koke, ciki har da masu ƙaurace wa nama da mabiya addinin Hindu, waɗanda ke girmama saniya. Wasu wuraren ibadar Hindu ma suka daina karɓar kuɗin.

To, me ya kai kitse cikin leda? Asalin leda da robar bokiti ɗanyen mai ne ko iskar gas. Amma idan aka narkar da su a masana'anta, sukan manne wa injin, ledojin kuma su liƙe da juna. Shi ya sa ake zuba wani sinadari mai sa santsi, irin su sitiyarik asid. Ana samun wannan sinadari daga manja da sauran man tsirrai, ana kuma samunsa daga kitsen shanu da tumaki da ya rage a mahauta. Masana'anta takan ɗauki wanda ya fi araha.

Abin da ake sawa ɗan kaɗan ne. Bankin Ingila ya ce bai kai kashi 0.05 cikin ɗari na takardar kuɗin ba, kuma kafin a yi amfani da shi an riga an tace kitsen da zafi mai tsanani, an wargaza shi har ya zama wani abu dabam. A 2017 bankin ya yanke shawarar ci gaba da amfani da sinadarin da ake samu daga kitse, saboda tsadar komawa manja da kuma ɓarnar dazuka da nomansa ke jawowa.

Maganar ta shafe mu, domin a leda muke ƙulla koko, mu sayi ruwa, mu dafa alala. Ga Musulmi, tambayar ita ce wace dabba, kuma yaya aka yanka ta. Malamai sun daɗe suna tattauna hukuncin abin da ya sauya daga asalinsa, wato istihala, kuma ra'ayoyinsu sun bambanta.

Ba abin firgita ba ne, amma mai saye yana da haƙƙin sani. Ya kamata masana'antu su riƙa bayyana tushen sinadaran da suke sawa, hukumomi kuma su tilasta musu yin hakan.