Tseren Babura A Ƙasa Mai Gargada: Yadda Shakazobar Baya Ta Sauya Wasan

A shekarar 1973 wani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Hakan Andersson ya ci gasar duniya ta tseren babura a ƙasa mai gargada, a rukunin babura masu inji 250cc, yana bisa babur ƙirar Yamaha. Wannan shi ne karo na farko da kamfanin ya ɗauki kambun duniya a irin wannan tsere, wanda Turawa ke kira motokuros, kuma da wannan nasara aka kawo ƙarshen mulkin Joel Robert na Beljiyam, wanda ya riƙe kambun shekaru biyar a jere tun daga 1968. Abin da ya fi ɗaukar hankalin makanikai a wancan lokaci kuwa shi ne bayan babur ɗin. Duk wanda ya leƙa yana neman shakazoba biyun nan da aka saba gani a dama da hagun ƙafar baya, sai ya tarar babu su. Guda ɗaya ce tak, doguwa, tana kwance a ƙarƙashin tankin mai, inda ido ba ya kai wa.

Kafin mai karatu ya gane dalilin da ya sa wannan abu ya tayar da ƙura, ya kamata ya san irin filin da ake wannan wasa. Tseren ya samo asali ne daga Ingila, inda aka yi na farko a Camberley cikin 1924. Ba a shimfiɗa masa kwalta. Fili ne na tudu da gangare, da taɓo da rairayi, da ramukan da tayoyi ke ƙara haƙawa a kowane zagaye, ga kuma wuraren da babur ke tashi sama ya faɗo da dukkan nauyinsa. A gasar duniya ta shekarun 1970 mahayi yakan shafe fiye da minti 40 yana wannan fama, ya ɗan huta, ya sake komawa zagaye na biyu a rana guda.

A irin wannan fili, ƙarfin inji ba ya amfanar kowa muddin tayar baya ba ta taɓa ƙasa, domin ita ce ke tura babur gaba. Duk lokacin da ta yi tsalle ta bar ƙasa, injin yana ta ruri ne a banza. Aikin da ake nema daga sifirin da shakazoba shi ne su bar ƙafar ta bi ƙasa sawu da ƙafa, ta hau tudu ta sauka rami, alhali gangar babur da mahayinsa suna tafiya kusan a miƙe. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi ya haɗiye duka. Amma sifirin shi kaɗai ba ya da ladabi, in an danne shi sai ya mayar da dukan, ya yi ta lilo. Shakazoba ce ke tsawata masa: bututu ce cike da mai, da fistin a ciki mai ƙananan ƙofofi, sai man ya matsu ya bi ta ƙofofin nan kafin fistin ya motsa, ta haka ƙarfin dukan ke komawa zafi ya baje.

Baburan farko ba su da ko ɗaya a baya, ƙugun mahayi da gwiwoyinsa ne ke shan komai. Daga baya aka ɗora ƙafar baya a kan wani ƙarfe mai reshe biyu da ke lilo sama da ƙasa daga jikin babur, wanda za a iya kira hannun lilo, aka kafa shakazoba biyu a tsaye daf da gindin ƙafar. Haka aka zauna har farkon shekarun 1970, kuma iyakar hawa da saukar ƙafar bai wuce inci 3 zuwa 4 ba. Da ramin ya fi haka zurfi, sai ƙarfe ya daki ƙarfe, bayan babur ya yi harbi kamar jaki, mahayin da bai rage gudu ba ya tsinci kansa a ƙasa.

Mutumin Beljiyam da Suzuki ya sallama

Wanda ya ƙirƙiro tsarin da Andersson ya hau wani injiniya ne ɗan Beljiyam, Lucien Tilkens. Ya mayar da hannun lilon ya zama mai kusurwa uku, ya haɗa ƙololuwarsa da shakazoba ɗaya da ta miƙe ta ƙarƙashin tanki har zuwa wuyan babur. Ya fara gwadawa a kan babur ƙirar CZ, sannan aka kai wa kamfanin Suzuki, inda mahayansa biyu 'yan Beljiyam, Roger De Coster da Sylvain Geboers, suka gwada. Suzuki bai saya ba, Yamaha ya saya, ya raɗa masa suna Monocross.

A nan akwai abin mamaki. Shi Tilkens ya yi imani cewa fa'idar ƙirarsa ita ce tana karkatar da dukan da ƙafar baya ta sha zuwa wuyan babur, ta yadda babur zai daidaita. Injiniyoyin Suzuki suka auna wannan bayani ba su gamsu da shi ba, kuma ba za a ce sun yi kuskure a lissafi ba. Kuskurensu shi ne da suka ƙi bayanin, sai suka haɗa har da kayan. Ainihin fa'idar tana wani wuri dabam: ƙirar ta ba ƙafar baya damar hawa da sauka fiye da na sauran babura da tazara mai yawa. Watau mutumin ya ƙera abu mai kyau bisa dalilin da ba shi ne ba. Ba kuma shi ne farkon wanda ya yi tunanin hannun lilo mai kusurwa uku ba, domin Philip Vincent na Ingila ya yi rajistar irinsa tun 1928, sai dai na hawa kan titi ne.

Injiniyoyin Maico na Jamus ta Yamma su ne suka fi saurin gano bakin zaren, kuma suka cim ma abu guda ta hanya mai araha. Ba su taɓa yawan shakazoba ba, sai suka matsar da su gaba, kusa da inda hannun lilon ke juyawa. Duk wanda ya taɓa kallon jigo a lambu ya san hikimar: wurin da ke kusa da gindin sandar kaɗan yake motsawa, alhali bakinta mai guga yana yin nisa sama da ƙasa. Da shakazoba ta koma kusa da gindi, sai ɗan motsinta ya zama babban motsi a wurin ƙafa. Adolf Weil ya ci gasar Trans-AMA ta Amurka a 1973 a kan Maico, kuma nan da nan mahaya masu zaman kansu suka shiga yanke baburansu suna walda, kowa yana matsar da nasa gaba ko yana kwantar da su. Kafin shekarun 1970 su ƙare, tafiyar ƙafar baya ta kai inci 12, wajen santimita 30, kuma a nan ta tsaya har yau, domin in an ƙara, sirdi zai yi tsawon da ƙafar mahayi ba za ta kai ƙasa ba.

To, amma jigo ba ya ba da nisa kyauta. Gwargwadon yadda aka matsar da shakazoba gaba, gwargwadon yadda nauyin da ke kanta ke ninkuwa. Sai man da ke ciki ya yi zafi, ya tsinke, ya gauraya da iska ya yi kumfa, kuma fistin da ke ratsa kumfa ba ya riƙe komai. Mahayi yakan fara tsere da babur mai biyayya, kafin a kai rabi ya koma yana bisa sifirin tsirara. Maganin ya fito ne daga wata ƙira da Bafaranshe Christian Bourcier de Carbon ya yi tun shekarun 1950: a raba mai da iska da wani fistin na biyu, a cika ɗaya ɓangaren da iskar naitirojin mai matsi, ta yadda man ba zai sami sararin yin kumfa ba. Aka kuma ƙara wa shakazoba ɗan tulu a gefe, domin man ya yawaita ya kuma sha iska. Wannan bukata ce ta haifi kamfanoni irin su Fox a Amurka, da WP a Holan, da Öhlins wanda Kenth Öhlin ya kafa a Suwidin cikin 1976. Shekaru biyu bayan haka, a 1978, Gennady Moiseev na Tarayyar Sobiyat ya ci kambun duniya na 250cc a kan KTM mai ɗauke da shakazobar Öhlins.

Taushi a farko, tauri a ƙarshe

Saura matsala ɗaya, wadda ta fi sauran wuya. Ƙananan duwatsu da gargada suna son sifirin mai taushi, domin taya ta lallaɓa su ba tare da ta yi tsalle ba. Faɗowa daga sama kuwa tana son mai tauri, in ba haka ba babur ya zauna daɓas. Ba yadda za a yi mahayi ya sauya sifirin a tsakiyar tsere. Ita ma ƙirar Yamaha ta farko tana da nata aibin, domin ta ɗora nauyi a sama, ta kuma ajiye shakazoba a bisa inji inda zafi ya fi yawa.

Hanyar da aka bi ita ce a tsayar da shakazoba ɗaya a tsakiyar babur, bayan inji, a haɗa ta da hannun lilo ta hanyar waɗansu gajerun ƙarafa masu gaɓoɓi. Yayin da ƙafa ke hawa, kusurwar ƙarafan nan tana sauyawa, kamar a ce gindin jigo yana matsawa da kansa. A farkon tafiya ƙafar tana rinjayar sifirin cikin sauƙi, a ƙarshenta kuwa kowane inci sai ta matsa shi fiye da na baya. Duka-duka, inci 12 na ƙafa ba ya cin fiye da kimanin inci 5 na shakazoba. Kawasaki ya fara sayar da nasa, Uni-Trak, a 1980. Honda ya fito da Pro-Link a 1981, Suzuki kuma da Full Floater a wannan shekara. Na Suzuki ya sha yabo ƙwarai a lokacin. Shakazobarsa ba ta jingina da gangar babur ko ta ina, ana matsa ta ne daga sama da ƙasa a lokaci guda.

Sai dai wannan nasara ta zo da shari'a. Wani matashi Ba'amurke daga Kalifoniya, Donald Richardson, ya riga ya sami takardar mallakar wata ƙira mai wannan manufa tun 1975. A 1978 ya ƙulla yarjejeniya da Suzuki, ya buɗe musu sirrin aikinsa domin su gwada, daga bisani kamfanin ya ce ba ya so. Da Full Floater ya fito, Richardson ya kai ƙara, kuma bayan shekaru ana fafatawa, a 1989 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta tabbatar cewa an shiga haƙƙinsa. Kamfanin da ya sallami Tilkens ya yi asarar kambu, shi ne kuma ya sallami Richardson ya tsinci kansa a gaban alƙali, kuma na biyun ya fi na farkon muni, tun da wancan kuskuren lissafi ne kawai.

Ba a fagen motokuros kaɗai aka ga sauyin ba. Tseren Paris zuwa Dakar na farko, wanda aka fara ranar 26 ga Disamba 1978 ya kuma ratsa ta Agadas da Yamai, Cyril Neveu ne ya ci shi a kan Yamaha XT500 mai shakazoba biyu irin na da. Zuwa 1983 kamfanin ya fito da XT600Z mai shakazoba ɗaya, ya sa masa sunan hamadar Tenere ta Nijar. Tseren ya bar Afirka, ya koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya daga 2020.

Tsawon tafiyar ƙafa ya kuma jawo wata wahala da mai babur na gida zai gane nan take, watau sarƙa. Da yake ƙaramin faranti mai haƙora da ke jan sarƙa yana gaba da inda hannun lilo ke juyawa, sarƙar tana ɗamewa tana saki yayin da ƙafa ke hawa da sauka. Shi ya sa ake barin ta da sassauci sosai a baburan tsere, a sa mata robobin da za su riƙe ta a hanya. Wanda ya ɗame ta kamar ta babur ɗin gari, zai tsinke ta ko ya kashe boris. BMW ya gwada haɗa wuraren biyu a kan sanda guda a babur ɗinsa G450X na 2008, amma yawancin kamfanoni ba su bi shi ba.

Duk da wannan ƙira, aikin farko da makanikin tsere ke yi da awo ne. Yakan auna tsayin bayan babur ƙafa tana reto, sannan mahayi ya hau da cikakkun kayansa a sake aunawa. Ana so bayan ya zauna da kimanin inci 4, wajen sulusin tafiyar, domin ƙafa ta sami sararin faɗawa cikin rami, ba na hawa tudu kaɗai ba. In awon bai fito ba, sai a ɗaure sifirin ko a sassauta, ko a sauya shi da wanda ya dace da nauyin mahayin. Bayan nan ne ake taɓa kusoshin da ke daidaita saurin matsuwa da saurin dawowa. Dawowa in ta yi sauri, bayan babur ya harba mahayi. In ta yi jinkiri, duka na biyu ya tarar ba ta gama miƙewa daga na farko ba, a hankali tafiyar ta ƙare.

Har yanzu masu ƙira ba su zama baki ɗaya ba a kan gajerun ƙarafan nan. Suna ƙara nauyi, suna da boris da yawa masu son giris, suna kuma reto a ƙarƙashin babur inda dutse da kututture ke kama su. KTM na Ostiriya ya yi watsi da su a ƙarshen shekarun 1990, ya kafa shakazoba kai tsaye a kan hannun lilo a karkace, ya sa mata fistin na biyu da ke shiga aiki a ƙarshen tafiya, ya kira tsarin PDS. Mahayan daji masu bin duwatsu suka karɓe shi hannu biyu, na filin tsalle-tsalle kuwa, musamman a Amurka, suka yi ta gunaguni. Daga 2011 kamfanin ya mayar da ƙarafan a kan baburansa na motokuros, ya bar PDS a kan na daji samfurin EXC.